Mutanen Ɗakin Can

Ɗari biyu aka ƙara musu. Ɗari biyu a kan dubu da ɗari biyar ɗin da ake ba su a wuni, a garin Tudun Wada, a shekarar da ko ƙullin gishiri sai an yi ciniki. Mas'ud, manajan injin shinkafar Alhaji Shitu, shi ya tara mata masu bakace a gindin dalbejiyar bakin injin ya karanta musu takardar ƙarin, yana karantawa yana share gumi da hularsa.

Su ashirin da uku ne matan. Tun hantsi suke durƙushe da faifai suna bakace, suna tsince tsakuwa, har rana ta yi sanyi, ƙaiƙayi a ido, ƙaiƙayi a maƙogwaro. Asibi ce babbarsu. Shekara goma sha ɗaya tana wannan aiki, kuma babu wanda bai san bakinta ba, tun daga mai gadi har Alhajin kansa.

Wata huɗu ke nan suna jiran wannan takarda. Masu sayen shinkafar daga nesa ne suka ce ba za su sake ɗaukar ko buhu ɗaya ba sai an nuna musu cewa abin da ake biyan ma'aikata yana riƙe gida. Shi ne aka turo masu bincike biyu daga Kano, wani Kamaluddeen da wata yarinya Raihana, da sikeli da igiyar awo da wata faffaɗar waya. Suka zaga kasuwa suna tambayar kuɗin masara da manja da icce. Suka ce kuma za su shiga gidan ɗaya daga cikin matan su ga tukunya da idonsu. Matan ba su yi gardama ba, suka ce gidan Asibi, don ita ce ba ta tauna magana.

"Ɗari biyu ta me?" in ji Asibi. "Ta sayen allurar ɗinke mana baki?"

"Iya, ba ni na rubuta ba," in ji Mas'ud. "Gidanku aka shiga, tukunyarku aka auna. Ga shi nan baƙi da fari. Gidan ma'aikaciya, baki biyu, ɗaki biyu, garin masara tiya guda a wuni. Masu ilimi sun ce abin da mutum biyun nan suke ci ya fi ƙarfin cikinsu. Har shawara suka bayar, wai a rage tuwo a ƙara ganye."

Wata ta yi dariyar takaici. Furera kuwa, wadda faifanta ke kusa da na Asibi shekara da shekaru, ba ta yi dariya ba.

"Baki biyu? A gidan wa?"

"Gida nawa aka shiga?" in ji Mas'ud, ya naɗe takardarsa.

Duk suka juyo suka dubi Asibi.

"Yaya Asibi," in ji Furera, "ku shida ne a gidan nan. Ke da Malam, da mai jinyar nan da ke kwance, da yaranta uku. Ni da kaina nake ganin yaran suna lasar mara. Ina biyu ta fito?"

Asibi ta buɗe baki. Matar da ta taɓa tsayar da Alhaji Shitu a gaban baƙinsa kan ruwan sha, sai ga ta ta mayar da bakin ta rufe, ta dubi faifanta. Wata Rabi ta karkaɗe zanenta ta ce, "Mu muka tura mai baki, ashe a gida bakin ke mutuwa." Suka watse suka bar ta da faifai a hannu.

Ta san inda biyun ta fito. Tun Mas'ud bai rufe baki ba ta sani.

Ranar da masu binciken suka zo, bayan azahar ne, yaran suna Islamiyya. Mijinta Malam Uba, wanda idonsa ya mutu shekara biyar da suka wuce, yana zaure a kan buzu. Da suka tambaye shi sai ya ce su shiga, mai ɗakin ta fi shi sani. Asibi ta shimfiɗa musu tabarma ta kawo ruwa. Kamaluddeen ya auna garin da za ta tuƙa, ya auna kuka, ya auna ɗan manjan da ke gindin kwalba, har tukunyar ya ɗora a sikeli ya ɗauke ta hoto. Ya ja igiyarsa daga wannan bango zuwa wancan. Asibi ta gaya musu komai ba ta rage ba: kuɗin haya, kuɗin ruwan 'yan garuwa, watan da suka yi ba su ga nama ba. Har zagin mai gidan hayar ta yi, Raihana tana danne dariya.

Sai yarinyar ta ce, "Iya, cikin 'ya'yanki akwai wanda ke ci a tukunyar nan?"

"Mujitaba yana kudu, ko sallama sai da Sallah. Ummulkhairi tana ɗakinta a Badafi."

"Shi ke nan?"

Asibi ta dubi labulen ɗakin da ke kusa da madafi. Labulen bai motsa ba, amma ta san ana ji.

"Akwai dai mutane a ɗakin can."

"Baƙi ne?"

Ta sunkuya ta gyara itacen da bai buƙaci gyara ba. "Haka dai."

Yarinyar ta danna wayarta. Ashe a tsarinsu ba a ƙirga baƙo. Wa ya gaya wa Asibi? Su da suka zo da sikelin da ke gane nauyin kuka, ba wanda ya ɗaga ido ya ga ƙananan silifa ƙafa uku a bakin ƙofa, ba wanda ya ji warin ɗakin jinya.

Wadda ke bayan labulen 'yar farinta ce. Asibi a ruga ta tashi, can wajen Doguwa kusa da dajin Falgore, kafin shanu su ƙare su gangaro gari. A wajensu ɗan fari ba na uwa ba ne. Ba ta kiran sunansa, ba ta ɗaukarsa a gaban mutane, ba ta cewa nata ne ko da wuƙa a wuya. Da ta haifi yarinyar, uwarta ce ta karɓe ta. In za ta ba ta nono sai ta kau da kai gefe kamar wadda aka sa dole. Yarinyar ta tashi tana ce mata Adda, kamar yadda ake kiran babbar ya. Ranar da aka kai ta ɗakin miji, Asibi rijiya ta tafi ta wuni. Saboda sunan yarinyar daga ranar da aka haife ta aka ciro shi, ranar ma Asibi ba ta faɗinta, sai dai ta ce ranar da ke bin Talata. Shekara arba'in da huɗu haka. Ba ƙiyayya ba ce, duk wanda ya tashi a ruga ya san ba ƙiyayya ba ce. Kunya ce, kuma da ita ake gane 'yar mutunci.

Bara waccan rami ya rufta da mijin yarinyar a wurin haƙar ma'adinai a Riruwai. Ba a yi arba'in ba ɓarin jikinta na dama ya shanye. Dangin miji suka sa ta a mota da yara uku suka sauke a ƙofar Asibi. Tun daga ranar ita ke juya ta, ita ke wanke ta, ita ke ba ta tuwo a baki. Amma kira, sai dai ta ce "ke".

Da ta koma gida ranar da aka karanta takardar, madafi ta wuce. Ta tuƙa tuwo ta kwashe malmala shida, ƙanana kamar na sadaka. Malam Uba ya laluba tasa ya ce, "Na ji an yi ƙari."

"An yi. Ka shirya, gobe za mu sayi raƙumi."

Washegari babu wadda ta amsa gaisuwarta da kyau. Rabi ta janye tabarmarta ta koma can gefe. Da aka zo cin ɗan abin rana, aka yi da'ira ba a bar mata wuri ba. Wannan ya fi ɗari biyun ciwo. Ta ajiye faifai ta nufi ofishin Mas'ud, ba ta yi sallama ba.

"A gyara takardar nan."

"Iya, ki zauna mana."

"Ban zo zama ba. Mu shida ne. A goge biyu a sa shida."

"Da me zan goge? Ni aiko mini aka yi. Kuma ke kika faɗa da bakinki, an ce har muryarki suna da ita a waya."

"Kai ba ka san gidana ba? Ba kai ka ba ni aron baro na kai ta asibiti ba?"

Mas'ud ya dubi fanka. "Ni ba a tambaye ni ba."

"Da yake ƙaryar ta yi wa aljihun Alhaji daɗi."

"Iya, ki iya bakinki." Ya jawo wata takarda yana dubawa. "In kina da ƙarfin ƙafa, ranar Laraba suna taro a Bebeji, za su nuna wa manya aikin da suka yi. Amma ki sani, duk wadda ba ta zo aiki ba, akwai mata goma a bakin ƙofa suna jiran faifanta."

"Su jira. Su ma su ɗanɗana."

Ranar Laraba Furera ce ta bi ta. Ba don ta huce ba, ta faɗa mata hakan tun a tasha. "Ba don ke zan je ba, don 'ya'yana zan je. Kuma na san halinki, in aka zo wurin sai ki kama gyaran itace."

Suka shiga mota zuwa Kwanar Ɗangora, daga nan suka sake wata zuwa Bebeji. Hanya duk gonakin rani, kore shar, ruwan Tiga yana gudu a magudanai, shinkafa iya ganin ido. Asibi ta dube ta ta tagar mota ta yi tsaki. Duk wannan ta hannun irinsu za ta bi kafin ta yi fari, su kuwa sai ranar suna suke ganinta a kwano.

"Kin shirya abin da za ki ce?" in ji Furera.

"Mu shida ne. Shi ke nan."

"In suka ce su wane ne?"

"Sai ki faɗa musu. Me na kawo ki yi?"

Wurin taron wani babban zaure ne da aka yi haya, da fararen kujerun roba da ruwan gora a gaban kowa. Masu injina sun zo da manyan riguna, ga wasu da aka ce shugabannin ma'aikata ne, tumbinsu ya fi na masu injinan. Mai tsaron ƙofa ya ce sai da takardar gayyata. Asibi ta ce masa takardarta tana ciki, ita aka rubuta a kai, ta ture hannunsa ta wuce.

An rage hasken zauren, wata na'ura tana jefa hoto a bango. Kamaluddeen yana tsaye da sanda yana nuni. Asibi ta ɗaga ido, sai ta ga tukunyarta. Ita ce, da kunnenta ɗaya da makeri ya like, da baƙin gindinta, zaune a kan sikeli, ta cika bango ta fi ƙofa girma. Manyan mutane suna kallonta suna gyaɗa kai.

"Wannan gida," in ji Kamaluddeen, "ya nuna mana cewa ta fuskar abinci, abin da ake biya bai yi nisa da..."

"Tukunyata ce wannan!"

Zauren ya juyo. Wani ya ce a fitar da ita. Ta ci gaba da tafiya tsakanin kujeru, Furera na biye, ƙaiƙayin jiya bai gama fita daga mayafinsu ba.

"Tukunyata ce, ni na saye ta, ni nake kankare ta. Wa ya ba ka izinin rataye ta a bango kana yi mata ƙarya? Mutum shida ke ci a cikinta. Shida! Kai in aka ba ka abin da ke isa bakin kowa a ciki, ko sandan nan ba za ka iya ɗagawa ba."

Raihana ta taso daga gefe da faffaɗar wayarta. Ta gane ta. "Iya, sannu da zuwa. Ai ke kika ce mana ku biyu ne, sauran baƙi ne."

"Ban ce ba. Ke kika ce, ni na yi shiru."

"Kin ce haka dai."

"To 'yar nan, a garinku in tsohuwa ta ce haka dai tana kallon ƙasa, sai ki rubuta ki tafi? Ba ki da uwa?"

Wani mai babbar riga ya yi dariya, ya ce a bar ta, ai taron ya fara daɗi. Kamaluddeen ya sa aka kunna fitila. Ba mugu ba ne, wannan ma wani abin haushin ne. Ya jawo mata kujera ta ƙi zama.

"Iya, in an yi kuskure muna so mu sani. Su wane ne sauran huɗun?"

"Mai jinya ce da yaranta uku."

"Tun yaushe suke gidan?"

"Damina biyu."

"To ba baƙi ba ne." Ya dubi Raihana, ita kuma ta dubi ƙasa. "Sai mu buɗe gyara. Sunan mai jinyar, da abin da ke tsakaninku."

Asibi ta taɓa Furera da gwiwar hannu. Furera ta ce, "Sunanta..."

"Yi haƙuri, Hajiya," in ji Kamaluddeen. "Ba a karɓa daga bakin wani. Wadda aka yi wa tambayar farko ita za ta gyara, da muryarta, don kada a ce mu muka ƙara. Ƙa'ida ce."

"Ka ji wata masifa," in ji Furera. "Malam, 'yar farinta ce fa. Mutanen ruga ne. Ba ta faɗa."

Wani daga baya ya ce, "Har yanzu ana wannan?" Wani dattijo mai farin gemu kuwa ya sunkuyar da kai, da gani ya san abin da ake nema a wurinta.

Raihana ta matso da wayar kusa da bakin Asibi. Wani jan ɗigo yana ƙiftawa a jikinta.

Asibi ta dubi ɗigon. Ta tuna uwarta, wadda ta mutu ba ta taɓa kiran babban wansu da suna ba, ko ranar da aka ɗauko gawarsa daga kogi. Ta tuna Rabi tana janye tabarma. Ta tuna malmala shida.  Mutum sun fi hamsin a zauren, maza, baƙi, waɗanda ba su taɓa ba ta ko ruwa ba, duk sun zuba mata ido suna jira ta tuɓe abin da ta rufe tun tana yarinya.

"Yaya Asibi," in ji Furera a hankali, "mata ashirin da uku."

"Na sani. Ki rufe mini baki."

Ta ja mayafinta ta rufe rabin fuska. Muryar da ake ji daga wannan ƙarshen injin zuwa wancan, sai ga ta ta fito siririya.

"Balaraba."

"Ɗan ɗaga murya, Iya, bai kama ba."

Sai haushi ya zo ya taimake ta. Ta yaye mayafin.

"Balaraba! Balaraba sunanta! Ni na haife ta, a bukka, ranar Laraba da hantsi, ni kaɗai, kafin a kira kowa. 'Yata ce. 'Ya'yanta jikokina ne. A tukunyar can suke ci, kuma ba sa ƙoshi. Ya kama, ko in sake?"

Babu wanda ya yi dariya. Raihana ta danna wayar. "Ya kama, Iya."

"To a goge biyu."

Kamaluddeen ya cire tabaransa ya goge da bakin riga. Ya ɗan jima yana gogewa.

"Iya, zan gaya miki gaskiya. Gyaran ya shiga, kuma zan rubuta da hannuna cewa gidan nan an yi kuskure. Amma rahoton an riga an buga shi, an aika wa masu sayen, sun sa hannu, a kansa aka yanka abin da za a biya. Ba ni da ikon buɗe shi. Sai zagaye na gaba za a yi aiki da wannan."

"Yaushe ne zagaye na gaba?"

"Bayan shekara uku."

"Shekara uku."

"In an samu kuɗin aikin."

Asibi ta dube shi, ta dubi bangon. Da aka kunna fitila tukunyar ta dushe, amma tana nan, ana ganin inuwarta.

"Da ka san haka, me ya sa ka sa na faɗa?"

Ya mayar da tabaransa a ido.

"Tambayarka nake, ɗan nan. Ka san ba za ta ƙara mana ko ƙwayar masara ba, ka sa na tsaya gaban maza na faɗi abin da uwata ba ta faɗa ba har ta shiga ƙasa. Don wayarka ta ji? To mayar mini."

"Iya..."

"Mayar mini da shi! Ciro shi daga ciki ka ba ni abina!"

Furera ce ta riƙe ta. Wani daga cikin masu injinan ya zaro kuɗi daga aljihu ya miƙo, wai a sha ruwa a hanya. Asibi ta dubi hannun har mai shi ya ji kunya ya mayar. Da suka kai ƙofa ta juyo ta ce, "Ku sauke mini tukunya daga bango." Raihana ta je da kanta ta kashe na'urar.

Suka kamo hanyar gida, mota ta sauke su a Kwanar Ɗangora. Can Furera ta sayi rogo dafaffe ta raba biyu ta miƙa mata rabi. Asibi ta karɓa ta ƙulle a bakin zane.

Sun iso Tudun Wada bayan la'asar. Suka bi ta bakin injin. A wurin da Asibi ta durƙusa shekara goma sha ɗaya, wata mata ce da goyo take bakace da faifanta. A wurin Furera ma haka. Mas'ud ya hango su ya shige ofis ya turo ƙofa. Rabi ta taso da sauri.

"An gyara?"

"Ta faɗa," in ji Furera. "A gaban kowa. Wallahi ta faɗa."

"An gyara, na ce?"

"Sai bayan shekara uku."

Rabi ta dubi Asibi. Sai ta koma ta ɗauki faifanta, don rana ba ta jira.

Furera ta raka ta har gida, wai kada ta faɗi a hanya. A zaure Malam Uba ya ji takunsu ya ce yaya aka yi. Asibi ta wuce shi ta shige ciki. Furera ce ta tsaya tana ba shi labari, ita kuwa ba ta iya magana a hankali ba, ko sirri za ta faɗa sai maƙwabta sun ji. Ta faɗi tukunya a bango, ta faɗi jan ɗigo, ta faɗi abin da Asibi ta ce, kalma bayan kalma. Tsohon ya ce, "Allah ya yafe mana," bai ce wa ya yi laifin ba.

Garin da ya rage bai kai tiya ba. Asibi ta hura wuta ta tuƙa shi haka nan, ya fito da ruwa-ruwa. Ta kwashe shida. Ta kwance rogon ta gutsura wa yaran uku, ta kai wa Malam nasa, sannan ta ɗauki kwano ɗaya ta ɗaga labule.

Ɗakin yana warin man zafi da katifar da ba ta bushewa. Mai jinyar tana kwance yadda aka bar ta da safe, ta gefen hagu, fuskarta wajen ƙofa. Ta rame har kunnuwanta sun yi girma. Furfura ta fara fito mata a goshi. Asibi ta sa hannu ta ɗago ta ta jingina da bango, ta gyara mata hannun da ya mutu a kan cinya.

"Adda." Maganar tana fita ta gefe ɗaya na bakin, a karkace.

"Mene ne?"

"Na ji Furera."

"Furera ba ta da aiki. Yanzu ma da gaske ba ta da shi."

"An ce kin faɗa."

Asibi ta gutsuro tuwo ta dangwala a miya. "An sa ni."

"Su nawa suka ji?"

"Oho. Da yawa. Wasu ƙattin banza."

 Idonta mai kyau yana kan fuskar Asibi, ɗayan yana zubar da ruwa kamar kullum, ba a sanin ko kuka ne.

"Ni ban ji ba," ta ce.

A tsakar gida yaran suna faɗa kan wanda aka ba babban rogo. Asibi ta riƙe lomar a hannu har miya ta gangaro mata zuwa gwiwar hannu. Sunan nan, ta kai shi Bebeji, ta zubar a gaban mutanen da ko gobe ba za su tuna ba, an ɗure shi a waya an tafi da shi Kano, ba a ba ta komai ba. Gobe babu faifai, babu gari. Ta kau da kai gefe, wajen bango, yadda take yi shekara arba'in da huɗu da suka wuce in za ta ba ta nono.

"Balaraba," ta ce wa bangon. "Buɗe bakin, tuwon nan ba shi da yawa, kada kuma ya huce."